Ƙamshin Miya a Hasumiyar Marina

Da la'asar sakaliya Hanci ya fara shaƙa. A jikin allon gilashin da ya cinye bango guda na ɗakin gwaji, Hasumiyar Marina ta tsaya tsirara, hawa kan hawa, kowane gida ɗan ɗigo ne ruwan toka. Can ƙasa ɗigo ɗaya ya rikiɗe ya koma kore, rubutu ya fito a gefensa: tuwon masara, miyar kuɓewa. Wani ya bi bayansa: shinkafa da wake, mai da yaji. Kafin Kubura ta gama gyara mayafinta kore ya bazu a allon kamar gonar da ta sha ruwan farko.

"Hawa na tara suna ƙona albasa," in ji Tanimu, abokin karatunta mai kula da na'urorin, yana watsa gyaɗa a baki. "Hajiya Shugaba, a aika musu da gargaɗi?"

"Ka daina ce mini Shugaba, kada ka jawo mini baki tun ban samu ba."

Hanci ba wani dodo ba ne. Ƙananan na'urori ne masu girman ƙwallon dabino, an liƙa ɗaya a bututun hayaƙin kowane kicin. Suna shaƙar tururi su tantance abin da ke kan wuta, su aika wa kwamfuta. Gidan da ya wuni ya kwana ya sake wuni ba a ɗora tukunya ba, kwamfuta ta san akwai yunwa. Sai ta saki tantabara, wato ɗan jirgi mara matuƙi mai farfela huɗu, ɗauke da kular abinci mai zafi, ta kai har taga.

Wannan shi ne aikin kammalawar Kubura a Cibiyar Tsiro, inda ake horar da matasa yadda ake kafa ƙungiyoyin taimakon al'umma. A Birnin Marmara na wancan zamani ko randar ruwan sha mutum zai ajiye a bakin titi don Allah, sai da lasisin Cibiya. Ana ɗaukar ɗalibai da yawa, kaɗan ke fita da lasisi, sauran kowa ya koma inda ya fito. Ita Kubura daga matatar ruwan ƙarƙashin ƙasa ta fito, inda ta yi shekaru tana kankare tankuna ba ta ganin rana, kuma ta rantse ba za ta koma ba.

Ƙofa ta zuge, Dakta Lawandi ya shigo da ƙamshin turarensa. Shi ne babban mai horarwa, dogo, mai murmushin da ba ya gajiya. Ya tsaya gaban allon ya nuna wani ɗigo a hawa na goma sha bakwai wanda ya ƙi komawa kore.

"Shi ne wannan?"

"Shi ne, Dakta. Gidan Kawu Sallau."

"Madalla. Da shi za mu buɗe. Amma sai an sauke igiyoyin nan tukuna, tantabara ba za ta bi ta cikin saƙar gizo ba."

Igiyoyin suna da tarihi. Lokacin da ambaliya ta cinye tsohuwar unguwar marina, hukuma ta kwashe mutanen ta jera su a dogon bene guda. Sun bar karofinsu a ƙarƙashin ruwa, amma ba su bar ciyayya ba. A tsakiyar hasumiyar akwai rami tun daga ƙasa har sama don iska da haske, tagogin kicin duk suna kallonsa, mutane suka sa masa suna Rijiya. Nan suka ɗaura igiyoyi da ƙananan gargare. Da magariba ta gabato sai ka ga kwanukan langa a rufe suna hawa suna sauka, gida na aika wa gida, mai shi na aika wa mara shi, mara shi ma na aikawa. Dokar ɗaya ce: ba a buɗe murfi sai an shiga ciki, kuma abin da mace ta gani ba ta faɗa.

Kubura ta taso tana jan igiyar Innarta. Tun da masana'antun rini suka kashe sana'ar Kawu Sallau, yayan Inna, ta san langar da ke saukowa daga gidansa ba ta da nauyi. In an buɗe, ba komai sai iska. Amma Inna za ta leƙa taga ta ɗaga murya yadda hawa uku za su ji: "Kai, Tabawa! Wannan miya taki sai ta kashe mutum!" Matar Kawu ta amsa daga sama: "Taki ma ai ba baya ba!" Sai langar Inna ta haura a cike har murfi na ɗagawa. Haka aka yi shekaru, Kawu yana zama a sahun gaba a masallacin hasumiya da rigarsa shuɗiya mai sheƙi, shi ake kira in za a sasanta rigima ko a nema wa wani aure.

A watan farko na horo akwai darasin da ake kira Labarin Ciwo. Kowane ɗalibi zai tsaya gaban aji ya ba da labarin da zai sa mai ba da tallafi ya ji hawaye. Wasu suka ƙirƙiro, Dakta ya gano su ya kore su da dariya. Da layi ya zo kan Kubura, ta duba ba ta da komai a hannu sai langar Kawu. Ta buɗe ta a gaban mutane, da suna da komai. Aji ya yi tsit, Dakta ya tafa shi kaɗai.

"Kun ji ɓarna?" ya ce wa ɗalibai. "Gida ɗari suna musayar tuwo da tuwo don a ciyar da gida goma, kuma ba wanda ya san ko goman sun ƙoshi. Mu a nan muna koyon taimakon da ake iya aunawa. Kubura, ki kai abinci inda yunwa take, ki bar sauran su ci nasu."

Ta ga gaskiya a maganar. Har ga Allah ta gani. Langar Inna sau ɗaya take zuwa a wuni, tantabara kuwa tana iya zuwa sau uku, da nama.

Ranar da ma'aikata suka zo sauke igiyoyi, Inna ta tsaya a taga ta riƙe tata da hannu biyu.

"Ke 'yar nan, da me zan aika wa Yaya?"

"Inna, kin huta. Na'ura za ta kai masa abin da ya fi naki."

"To shi kuma da me zai aiko mini?"

Kubura ta yi dariya. "Me yake aikowa, Inna?"

Inna ta dube ta kamar ta zagi kabari. Ta saki igiyar, ta rufe taga.

An yi buɗewar ranar wata Lahadi da yamma. Dakta ya kawo manyan baƙi masu ba da tallafi, aka jera musu kujeru a gindin Rijiya, kyamarori na shawagi. Mutanen hasumiya duk sun leƙo ta tagogi, kai bisa kai har sama. Kubura ta yi jawabin da ta haddace, ta bayyana sunan ƙungiyarta, Ƙungiyar Ƙoshi, ta danna maɓalli. Tantabara ta tashi da fitila mai walƙiya, ta wuce hawa bayan hawa, idanu na bin ta. Kowa ya ja numfashi da ta wuce tagarsa. A na goma sha bakwai ta tsaya.

Dakta ya koya musu cewa kiran mai karɓa da sunansa mutunta shi ne. Don haka muryar na'urar, mai taushi kamar ta ma'aikaciyar jirgi, ta cika Rijiya: "Salamu alaikum, gidan Malam Sallau. Mun lura ba ku ɗora tukunya ba tun shekaranjiya. Kada ku damu. Ƙungiyar Ƙoshi tana tare da ku."

Baƙi suka tafa. Daga tagogi ko tari ba a yi ba.

Taga ta buɗe. Kawu Sallau ya bayyana da rigarsa shuɗiya da hula, kamar mai shirin ɗaurin aure. Ya dubi na'urar, bai dubi ƙasa ba.

"Wa alaikumus salam. Kin yi ɓatan hanya. Mu azumi muke yi."

Ya rufe. Kubura ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka an tsira. Amma kwamfutar an koya mata haƙuri.

"Allah ya karɓa," in ji muryar. "Za mu jira har a sha ruwa."

Tantabarar kuwa ta jira. Ta tsaya a bakin tagar tana gurnani tana walƙiya har aka kira magariba, har aka idar, tagar ba ta sake buɗewa ba. Dakta ya raɗa wa baƙi cewa irin wannan jin nauyi na farko an saba da shi, yana wucewa. Ɗaya bayan ɗaya mutanen hasumiya suka janye kawunansu, suka rufe tagogi a hankali yadda ake fita daga ɗakin mara lafiya.

A makon farko tantabaru suka je gidaje da dama, suna kiran suna, suna dawowa da kula a cike. A mako na biyu abin mamaki ya faru. Ɗigon gidan Kawu ya koma kore. Sauran masu tokar suka bi, ɗaya bayan ɗaya, har allon ya zama kore tas daga ƙasa har sama, tantabaru suka zauna a akurkinsu suna tara ƙura.

Dakta Lawandi ya tara ɗaliban Cibiya kaf gaban allon. "Ku duba da kyau. Ba ta ciyar da su kawai ba, ta zaburar da su. Sun tashi sun nema da kansu. Wannan shi ne aikin da ba ya mayar da mutum mabaraci." Aka tafa wa Kubura har kunnuwanta suka yi zafi. Ta so ta yarda. Ta ma yarda na ɗan lokaci.

Tanimu ne ya ɓata mata. Wata safiya ya kira ta gefe, ba gyaɗa a hannunsa, ba kuma Hajiya Shugaba.

"Zo ki ga abin da hancinki ke shaƙa a gidan kawunki." Ya buɗe bayanan. "Daddawa, akwai. Ɗan ɓawon albasa, akwai. Tururi, kamar me. Ina gari? Ina shinkafa? Ina mai? Ni dai tun da uwata ta haife ni ban ga mai shan miya zalla safe da yamma ba."

"Wataƙila burodi suke saya su haɗa."

"Wataƙila. Su da duk gidajen nan?" Ya shafa allon, ɗigogi suka fito a hawa daban-daban, duk waɗanda tantabara ta taɓa kira. "Miya iri ɗaya, ba tuwo. Kubura, ruwa suke tafasawa. Suna jefa ƙwayar daddawa don na'ura ta ji ƙamshi ta ƙyale su."

Ta koma gida da gudu-gudu. Inna tana kicin, ta juya mata baya.

"Na hau da kaina," in ji Inna ba tare da an tambaye ta ba. "Da kwano a hannu, kamar mai kai wa fursuna. Ya ce in koma da abina, sun ɗora. Kowa ma ya daina aikawa. Sun ce ai in da yunwa tsuntsuwar 'yarki za ta je. Masallaci ma yanzu a sahun baya yake tsayawa, yana sallamewa ya fice. Mutane sun koma gaishe shi da 'sannu Malam', da 'yar murya, kamar mai jinya."

"Ni zan kai. Ba zai mayar da ni ba."

Ta cika kula da tuwo da miyar taushe, ta saka a leda baƙa. Lif cike yake. Mutane suka dubi ledar, suka dubi lambar hawan da ta danna, sannan kowa ya mayar da idonsa kan silin. Nan ta fara gane abin da igiya take yi wanda hannu ba ya iyawa. A igiya kowa na aikawa, don haka ba a san wanda ake ciyarwa ba. Kwano ɗaya mai tafiya gida ɗaya kuwa sunansa sadaka.

Goggo Tabawa ta buɗe ƙofa. Ƙamshin miya ya bugi Kubura, mai daɗi, irin wanda ke sa ciki ƙugi. A kicin tukunya na ta ɓararraka. Kawu yana zaune a kan buzu, rigar ta yi masa yawa, wuyansa ya fito kamar na zakaran da aka fige. Amma ya yi murmushi. Sunan mahaifiyarsa aka sa wa Kubura, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"A'a, uwata ce yau a gidanmu? Manyan gari! Tabawa, zuba wa uwata abinci mana."

Goggo Tabawa ta tsaya da ludayi a hannu, ba ta motsa ba. Idanunta suka roƙi Kubura.

"Na ƙoshi, Kawu," in ji Kubura. "Yanzu na ci."

"To ai shi ke nan. Ke kika yi asara, yau ta zuba kifi."

Ta durƙusa ta tura ledar gabansa. "Inna ce ta ce a kawo a ɗanɗana."

"Allah sarki ƙanwata. Ki ce mata mun riga mun ɗora, kada ya yi yawa a zubar, Allah ya kama mu. Da igiya na nan da mun aika mata namu ita ma ta ɗanɗana."

"Kawu." Ta dubi kicin. "Ruwa ne a tukunyar nan. Na gani a na'ura."

Murmushin bai bar fuskarsa ba, amma ya mutu a wurin.

"Uwata, in tambaye ki. Tsuntsuwar nan ta san ba a ɗora tukunya ba, wannan na gane, an ce hanci gare ta. Amma akwai gidajen da suka fi mu daɗewa ba wuta. Wa ya ce mata ta fara da ni?"

Kubura ta sunkuyar da kai.

"To," in ji shi. Ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauki ledar da kansa ya saka mata a hannu, ya raka ta ƙofa. A baranda akwai mata biyu suna shanya. Ya ɗaga murya, cike da fara'a: "Mun gode da ziyara, uwata! Ki kai wa Innarki wannan, ki ce ta yi haƙuri ba yawa!"

Haka ta sauko da tuwon uwarta a matsayin kyautar Kawu, kuma a lif ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya nuna.

Washegari ta shiga ofishin Dakta Lawandi ba sallama mai kyau.

"Dakta, a mayar da igiyoyin."

Ya saurare ta har ƙarshe, bai katse ta ba, don sauraro ma darasi ne da yake koyarwa. Sannan ya jingina.

"Igiya da tantabara ba sa zama a Rijiya ɗaya, farfela za ta sarƙe. In kika ɗaura igiya, kin sauke tantabara. In kika sauke tantabara, kin faɗa da bakinki cewa aikinki ya faɗi. Alƙalan lasisi ranar Laraba za su zo."

"Mutane ruwa suke dafawa."

"Wa ya kawo ƙara? Akwai wanda ya ce yana jin yunwa?"

"Ba za su faɗa ba, Dakta. Ko suna mutuwa."

"To me zan nuna wa alƙalai? Zato?" Ya sassauta murya. "Saurara, 'yata. Na horar da ɗalibai da yawa masu zuciya irin taki, yanzu suna ƙarƙashin ƙasa suna kankare tanki, ba su taimaki ko kyanwa ba. Wanda ke da lasisi shi ke iya gyara. Ki karɓa ranar Laraba, ranar Alhamis ƙungiya taki ce, ki ɗaura igiya dubu in kin so."

Ta fito ta tarar da Tanimu a baranda, ya ji komai.

"Ina da dabara," ya ce. "Yau ɗin nan in ce tantabaru sun lalace, suna buƙatar gyara. Mu je mu ɗaura igiya ko guda goma ne. Matan nan minti biyar ya ishe su, za ki ga langa na tashi."

"Alƙalai za su ga an dakatar da aiki a makon gwaji."

"Za su gani."

"Kai ma lasisinka a jikin nawa yake."

"Na sani. Ni ai ina da ƙwarewa a wankin tanki, har yabo aka taɓa ba ni."

Ta dubi hannuwanta, waɗanda sai a bana suka daina tsagewa. Ta ce wa kanta mutumin da ya jure makonni zai jure zuwa Laraba. Ta ce wa kanta Kawu ƙashinsa da ƙarfi, marini ne, ya saba wuni a bakin karofi da ruwa kawai. Ta ce wa kanta abubuwa da yawa, kuma duk sun yi kama da gaskiya.

"Bayan Laraba," ta ce.

Tanimu ya dube ta. "To, Shugaba," ya ce, wannan karon ba wasa a ciki.

Ranar Laraba babban zauren Cibiya ya cika. Allon kore ya tsaya a bayan Kubura kamar tuta. Ta yi bayani ba tuntuɓe, ta amsa tambayoyi, ta ba da Labarin Ciwo yadda aka goge mata shi, wata alƙaliya har da share ido. Wayar da ke ɗaure a wuyan hannunta ta yi rawa: Inna. Ta danne. Ta sake rawa, ta sake dannewa.

Aka ba ta lasisi, da daraja ta ɗaya. Dakta ya hau dandamali yana sheƙi ya ce akwai ƙarin albishir. Hukumar birni ta ga sakamakon, ta karɓi Hanci da tantabaru daga yau, an haɗa su da babbar kwamfutar birni, za a saka a duk hasumiyoyin talakawa. Kubura kuwa an naɗa ta mai horar da sabbin ɗaliban da za su kai aikin can. Zaure ya miƙe tsaye. Ta tsaya aka yi hotuna, da alƙalai, da baƙi, da Dakta. Sai da aka gama ta koma bayan labule ta kira.

Inna ba ta yi kuka ba. "Yaya ya faɗi a matakala yana dawowa daga azahar. Da la'asar za a kai shi. In kin gama."

Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Masu wanka sun ga abin da suka gani, suka fito ba su ce komai ba. Liman ya ce Malam Sallau mutum ne mai wadatar zuci wanda bai taɓa roƙon kowa ba, jama'a suka amsa da ƙarfi, har da waɗanda muryarsu ta karye. A duk hasumiyar ba bakin da ya furta kalmar, don furta ta tonon asirin mamaci ne.

Sai abinci ya fara zuwa. Gidan rasuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa, kuma wannan ba sadaka ba ce, haƙƙi ne, ana ɗauko shi a fili a kai. Daga kowane hawa mata suka riƙa fitowa da langa da kula da daro: tuwon shinkafa, dambu, waina, farfesun kayan ciki, funkaso. Aka cika kicin, aka cika ƙarƙashin gado, aka jera a baranda har ba wurin taka ƙafa. Kubura tana zaune a lungu cikin mata tana kallon abincin da zai riƙe mutum wata guda, an jibge shi kusa da buzun da ba kowa a kai. Ba wadda ta zage ta. Gaishe ta suke yi, "sannu da haƙuri", da 'yar murya.

Ranar sadakar uku da yamma, ana cikin addu'a, aka ji gurnani a Rijiya. Fitila ta fara walƙiya a jikin labulen taga.

"Salamu alaikum, gidan Malam Sallau. Mun lura ba ku ɗora tukunya ba tun shekaranjiya. Kada ku damu. Ƙungiyar Ƙoshi tana tare da ku."

Kubura ta zabura. Ta danna wayarta, ta shiga manhajar, ta nemi maɓallin janyewa. Rubutu ya fito: ba ki da izini. Ta kira Tanimu.

"Janye ta! Don Allah janye ta!"

"Ba a hannunmu take ba tun Laraba," in ji shi. "Sai an rubuta wa hukuma. Na riga na gwada."

Ta yaye labule ta buɗe taga. "Tafi! Ya rasu! Ba ya nan!"

"Allah ya ba da haƙuri," in ji muryar. "Za mu jira."

Ta ɗauki murfin tukunya za ta jefa, wani hannu ya riƙe ta. Goggo Tabawa ce, cikin mayafin takaba, ta tashi daga tabarmar da ba ta bari ba tun ranar rasuwa.

"Bari, 'yar nan. Ba a korar ta da haka."

Ta ratsa tsakanin kwanukan abinci ta shiga kicin. Ta ture daron waina gefe, ta tari ruwa a tukunya, ta ɗora, ta kunna wuta. Ta buɗe gwangwanin daddawa, ta juya shi, ba ko ƙwaya. Wata mata daga hawa na huɗu, wadda mijinta ke sa babbar riga kullum, ta kwance bakin zaninta ta miƙo ɗan ƙulli.

"Ga tawa."

"Ki jefa ɓawon albasa," in ji wata daga bayan ɗaki. "Ta fi saurin yarda."

"A'a, sai ya tafasa tukuna," in ji ta uku. "In kin sa da wuri sai ta ƙi tafiya."

Ba wadda ta dubi wata. Ruwa ya tafasa, ƙamshi ya tashi ya shiga bututu. Fitilar ta mutu, gurnanin ya yi ƙasa, ya ɓace.

Wayar Kubura ta yi rawa sau biyu. Saƙon farko daga kwamfutar birni ne: Hasumiyar Marina, an dafa miya a kowane gida, yunwa babu. Na biyu daga Dakta Lawandi: sabbin ɗalibai sun iso, ranar Litinin da safe ita ce da aji, kuma an fara sauke igiyoyi a hasumiyar maƙera.